Gajimaren da Iska Ba Ta Korawa

A daren Kirsimeti na 1758, wani manomi Bajamushe mai suna Johann Georg Palitzsch ya fito tsakar gidansa a ƙauyen Prohlis, kusa da birnin Dresden, ya kafa madubin hangen nesansa, ya hango wani ɗan haske dishi-dishi a inda jiya babu komai. Tauraro mai wutsiya ne, wanda masanin taurari Edmond Halley ya yi lissafi tun 1705 ya ce zai dawo a wajen wannan shekara. Halley bai ga cikar maganarsa ba, ya rasu a 1742. Manyan masanan Turai masu albashi da ɗakunan duba sama sun yi wata da watanni suna dakon baƙon, sai ga shi ya fara sauka a gidan manomi.

Duk cikinsu ba wanda abin ya yi wa ciwo kamar wani matashi a Faris, Charles Messier. Yaron aiki ne a wurin Joseph-Nicolas Delisle, masanin taurarin rundunar sojan ruwan Faransa, an ɗauke shi a 1751 saboda kyan rubutunsa da iya zane. Ya fi shekara yana lalube a sama da taswirar da maigidansa ya zana masa, ashe taswirar akwai kuskure a ciki. Ya ga tauraron a ranar 21 ga Janairu 1759, amma Delisle ya hana shi faɗa wa kowa sai a watan Afrilu, lokacin da labarin manomin Dresden ya riga ya zaga gari.

To amma wannan dogon dako ya bar wa Messier wani abu. A ƙarshen Agusta 1758, yana bin sawun wani tauraro mai wutsiya daban, sai ya ci karo da wani farin tabo a sama. Ya zaci ya yi tsintuwa. Ya koma washegari, tabo na nan inda yake. Ya sake komawa, bai gusa ba.

Nan ne matsalar masu wannan farauta take. Tauraro mai wutsiya idan yana nesa da rana ba shi da wutsiya, ɗan tabo ne kamar an hura hayaƙi a kan gilashi. Tafiya ce kawai ke tona asirinsa: yau yana kusa da wannan tauraro, gobe ya matsa. A wancan zamani duk wanda ya riga kowa ganin sabo ya yi suna, sarakuna su san da shi, ƙungiyoyin masana su buɗe masa ƙofa. Ga shi kuma sama cike take da tabbai na zaune, waɗanda ba sa zuwa ko'ina, sai dai su cinye wa mutum dare biyu ko uku a banza. Messier ya yanke shawarar rubuta su a takarda, kowanne da lambarsa da matsayinsa, don kada su sake yaudarar sa. Tabon Agusta ya zama na ɗaya. Yau an san cewa ɓurɓushin wani tauraro ne da ya tarwatse, wanda masu duba sama na ƙasar Sin suka rubuta ganinsa a 1054.

Jerin farko mai abubuwa 45 ya fito a 1774, na ƙarshe mai 103 a 1781, da taimakon abokinsa Pierre Méchain. Na baya suka cike shi zuwa 110 daga takardun da suka bari. Lamba ta 45 Bahaushe ya san ta tun kaka da kakanni: Kaza da 'Ya'yanta ce. Ba mai ido biyu da zai ɗauki Kaza a matsayin tauraro mai wutsiya, shi ya sa wasu ke zargin ciko ne Messier ya yi don jerin ya yi kauri. Shi kansa ya gano taurari masu wutsiya 13, har Sarki Louis na 15 ya laƙaba masa sunan wata dabba mai kama da tunku da ake zura wa zomo a rami. Yau da wuya a sami wanda zai iya ambata ko ɗaya daga cikin sha ukun nan. Takardar abubuwan da suka dame shi kuwa tana hannun duk wanda ya sayi madubin hangen nesa, kuma 40 daga cikin abin da ke cikinta galaksi ne, wato runduna ta biliyoyin taurari da ke can waje da tamu.

Lamba ta 31 ita ce uwar labarin. Messier ya shigar da ita a 1764, ya ce Simon Marius ne ya fara ganinta a 1612. Bai san an riga Marius da shekara fiye da 600 ba. Abdurrahman al-Sufi, haifaffen Rayy a ƙasar Farisa a 903, masanin taurari a fadar sarki Adud al-Daula, ya rubuta littafinsa na siffofin taurari a wajen 964, ya haɗa ilimin Ptolemy da sunayen da Larabawan daji ke kiran taurari da su. A ciki ya ambaci wani ɗan gajimare a rukunin taurarin da Turawa ke kira Andromeda. Da ido kawai ya gan shi, don a lokacin saura ƙarni shida a ƙirƙiro madubin hangen nesa. Har yau haka ake ganinsa: a ƙasar Hausa, da kaka zuwa farkon hunturu, bayan sallar Isha, yana can sama ta wajen arewa, idan babu farin wata, hazo bai sauko ba, kuma mutum ya yi nesa da fitilun gari. Ba ya da wani kwarjini. Ya fi fitowa ma idan an kalle shi ta gefen ido.

Mene ne shi? Messier bai damu ya sani ba. Wanda tambayar ta hana barci wani makaɗi ne.

William Herschel ɗan Hanover ne, an haife shi a 1738, mahaifinsa mabushin soja, shi ma ya tashi yana busa wata irin algaita ta Turawa. Ya ƙaura Ingila a 1757, ya sami aikin kiɗa a wani coci na masu kuɗi a garin Bath a 1766, yana koyar da kiɗa, yana shirya bukukuwan waƙa. A 1772 ya je ya ɗauko ƙanwarsa Caroline, wadda zazzaɓi mai tsanani ya tsumburar tun tana shekara goma, mahaifiyarsu kuma ta riga ta yanke mata hukuncin zama 'yar aikin gida. Ya kawo ta don ta zama mawaƙiya, kuma ta fara yin suna. Sai dai ta iso daidai lokacin da ciwon taurari ya kama wanta.

Ba shi da kuɗin sayen babban madubi, sai ya ce zai ƙera nasa. Madubin lokacin ba na gilashi ba ne, jan ƙarfe ake narkawa da kuza a zuba a mazubi, sannan a yi ta gogewa da hannu har ya yi ɗan zurfi kamar tasa. Da kashin doki ake yin mazubin, kuma Caroline na cikin masu dakawa da tankaɗewa. Gidan ya koma maƙera, ɗakin baƙi ya zama na kafinta. Idan aka fara gogewar ƙarshe ba a ɗaga hannu, don haka akwai ranar da William ya yi awa 16 a kan madubi ɗaya, ƙanwarsa na ba shi abinci a baki kamar jariri. Wata rana narkakken ƙarfe ya tsiyaye a ƙasa, duwatsun daɓe suka riƙa fashewa suna tashi sama, kowa ya yi ta kansa.

A ranar 13 ga Maris 1781, a lambun bayan gida mai lamba 19 a titin New King, ya ga wani abu da ya ɗauka tauraro mai wutsiya ne. Da masu lissafi suka bi tafiyarsa, sai ta bayyana sabuwar duniya ce mai kewaya rana, wadda aka sa wa suna Uranus, ta farko da aka gano tun da aka fara rubuta tarihi. Sarki George na 3 ya yanka masa fam 200 a shekara don ya bar kiɗa. A 1787 aka yanka wa Caroline fam 50 a matsayin mataimakiyarsa.

A ƙarshen shekarar 1781 wani abokinsa ya ba shi kwafin jerin Messier. Abin da Bafaranshe ya rubuta don a kauce masa, makaɗi ya ɗauke shi a matsayin abin nema. Daga 1783 shi da ƙanwarsa suka soma aikin da suka kira shara. Za a kafa madubi mai tsawon ƙafa 20 yana fuskantar kudu, a bar sama ta riƙa wucewa ta gabansa yayin da duniya ke juyawa, wani ma'aikaci na ɗaga bakin yana saukewa. William na tsaye a kan tsani cikin duhu, ba ya kallon fitila ko kaɗan, don ido idan ya ga haske sai ya ɗauki mintuna kafin ya sake sabawa da duhu. Abin da ya gani sai ya ƙwala ya faɗa. Caroline na zaune a bakin taga da agogo da littafin taurari, tana rubutawa. Wasu darare sanyi kan daskarar da tawada a cikin kwalba. Da safe, shi yana hutawa ko yana gyaran madubi, ita tana tsabtace rubutun tana lissafin matsayin kowane tabo. A daren ƙarshe na 1783, tana gudu a cikin ƙanƙara don ta gyara madubin, ta faɗa kan wata ƙugiyar ƙarfe irin ta mahauta, ta soke ta a saman gwiwa, ba a cire ta ba sai da tsoka ta rage a jikin ƙarfen.

Shekara ashirin suna wannan shara. Messier ya tara ɗari da 'yan kai, su suka tara 2,500. Caroline, a daren da wanta ya yi tafiya, takan ɗauki nata ƙaramin madubi: da shi ta gano taurari masu wutsiya takwas, da wata babbar galaksi da ake kira NGC 253 a yau. Ta rayu har shekara 97. Mutanen zamaninta sun fi kiranta mataimakiya, amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin lissafin kanti ya san wanda ke ɗauke da kasuwar.

Da farko William ya ɗauka duk tabban nan tarin taurari ne da nisa ya haɗe haskensu, kamar yadda garken shanu ke zama fari ɗaya idan aka hango shi daga kan dutse. Masanin falsafa Immanuel Kant ya yi irin wannan hasashe tun 1755. Amma a 1790 William ya ga wani tauraro guda zaune a tsakiyar hazo mai haske, ya ce wannan kam ba taurari ba ne, wani abu ne mai kama da tururi. Ya janye maganarsa ta farko. Gaskiyar ita ce duka biyun akwai, kuma madubinsa ba zai iya raba su ba.

Mai kuɗi ne ya karɓi aikin daga nan. William Parsons, wanda aka fi sani da Lord Rosse, mai gidan sarautar Birr a tsakiyar ƙasar Ailan, ya koya wa ma'aikatan gonarsa zubin ƙarfe, ya zuba madubi mai faɗin inci 72 da nauyin kimanin tan 3, ya sa shi a bututun da ya haura mita 16, ya rataye tsakanin katanga biyu na dutse. Ƙasar ruwa da gajimare ce, madubin kuma na saurin dusashewa, sai da aka yi biyu ana musanyawa. Duk da haka, a Afrilu 1845 ya duba lamba ta 51 a jerin Messier ya ga tana da hannuwa a murɗe kamar guguwa, ya zana ta da hannu. A wannan shekarar ce cutar dankali ta jefa Ailan cikin yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, aka jingine madubin na wasu shekaru. Ba a gina wanda ya fi shi girma ba sai 1917.

Wasu biyu suka biyo baya, dukansu ba 'yan jami'a ba. William Huggins ya sayar da kantin tufafin gidansu a Landan ya gina ɗakin duba sama a bayan gida. A 1864 ya tsaga hasken wani tabo da gilashi mai kusurwa uku, irin yadda ruwan sama ke fitar da bakan gizo, ya ga alamar iskar gas mai zafi. Da ya gwada Andromeda sai ya ga haskenta irin na taurari ne. Isaac Roberts kuwa ɗan kwangilar gini ne a Liverpool, ɗan manomi daga Wales. A Disamba 1888 ya bar kyamara a buɗe awa huɗu tana kallon gajimaren al-Sufi, hoto ya fito da faifai a karkace mai hannuwa a murɗe. Shi a ganinsa wata sabuwar rana ce ke haɗuwa da duniyoyinta. Ya ɗauki hoto daidai, ya yi fassara a karkace, kuma yawancin masanan lokacin suna tare da shi.

Abin da ya rage shi ne ma'auni. Ta yaya za a san nisan abin da ba a iya zuwa? Fitilar da ke dishi-dishi, ko ƙarama ce a kusa, ko babba ce a nesa.

Tushen amsar na hannun wani saurayi kurma a birnin York, John Goodricke, wanda ke duba sama ta tagar gidan iyayensa. A 1784 ya lura wani tauraro mai suna Delta Cephei yana ƙara haske yana raguwa a kan ƙa'ida, duk kwana biyar da 'yan awoyi. Ya rasu a 1786 yana shekara 21. Fiye da ƙarni ɗaya bayan haka, Henrietta Leavitt, ɗaya daga cikin matan da Jami'ar Harvard ke biya kuɗi kaɗan don su duba hotunan sama a kan farantan gilashi, ita ma jinta ya tafi, ta tattara irin waɗannan taurari a wani gajimaren sararin kudu. A 1912 aka buga abin da ta gano daga guda 25: gwargwadon daɗewar tauraro kafin ya kammala zagayen haskensa, gwargwadon ainihin ƙarfin haskensa. Ke nan idan aka ƙirga kwanakin, an san girman fitilar, idan kuma aka san girmanta, dishi-dishinta zai faɗi nisanta.

A Afrilu 1920 wasu masanan taurari biyu, Harlow Shapley da Heber Curtis, suka yi muhawara a Washington, ɗaya na cewa tabban masu murɗiya na cikin galaksinmu, ɗaya na cewa galaksi ne masu zaman kansu. Aka tashi ba kare bin damo. Shekara uku bayan haka, a daren 5 zuwa 6 ga Oktoba 1923, Edwin Hubble ya ɗauki hoton gefen Andromeda da madubi mai inci 100 na Dutsen Wilson a Kalifoniya. Ya yi wa wani ɗigo alama a matsayin sabon tauraro da ya yi walƙiya, sannan da ya duba tsofaffin farantai ya soke alamar da jan alƙalami: irin tauraron Goodricke ne, zagayensa kwana 31 da ɗoriya. Lissafinsa ya ba shi nisan tafiyar haske ta shekara kusan 900,000, abin da ya wuce iyakar galaksinmu nesa ba kusa ba. Aka karanta sakamakon a taron masana ranar 1 ga Janairu 1925. Gyaran da aka yi daga baya ya kai nisan zuwa shekara miliyan 2.5, ga haske da ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Leavitt ba ta ji labarin ba, ta rasu a 1921. Babban abokin aikin Hubble a shekarun da suka biyo, Milton Humason, da alfadarai ya fara hawa dutsen yana kai kayan gini, daga nan ya zama mai shara a wurin.

Ana iya zaton daga nan aiki ya fi ƙarfin 'yan sa-kai, tunda madubai sun koma na gwamnatoci da manyan gidauniyoyi. Sai dai babban madubi ɗan yanki yake kallo, kuma layin masu jiransa dogo ne. Wani ne zai yi gadin dubban galaksi dare bayan dare, ko tauraro zai tarwatse a ɗaya daga cikinsu. Robert Evans, limamin coci a Ostiraliya, ya haddace kamannin galaksi sama da dubu, ta yadda idan ɗigo ɗaya ya ƙaru zai gane. Daga 1981 ya gano irin wannan fashewa 42 da idonsa, ba kyamara. Victor Buso, mai gyaran makullai a birnin Rosario na Ajantina, yana gwada sabuwar kyamara a saman gidansa ranar 20 ga Satumba 2016 sai ya kama sa'ar farko ta fashewar wani tauraro a galaksin NGC 613, abin da ƙwararru suka daɗe suna nema ba su dace ba. Koichi Itagaki na Yamagata a Japan, wanda ya yi arzikinsa da sayar da gyaɗa, shi ya fara ganin fashewar Mayu 2023 a lamba ta 101 ta jerin Messier. A 2007 kuma wata malamar makaranta a Holan, Hanny van Arkel, tana taya masana tantance hotunan galaksi a intanet ta tambayi mene ne wani shuɗin abu da ke gefen ɗaya, tambayar da ta ɗauki masana shekaru suna amsawa, har abin ya ci sunanta.

A 2010 masu kula da madubin da ke yawo a sararin samaniya, wanda aka sa wa sunan Hubble, suka so su ɗauki hoton ainihin tauraron nan na 1923. Lokacin madubin tsada gare shi, kuma suna buƙatar sanin ranar da tauraron zai kai ƙololuwar haskensa da ranar da zai dushe. Sai suka nemi taimakon ƙungiyar Amurka ta masu bin taurari masu sauya haske, wadda aka kafa a 1911, mafi yawan 'ya'yanta masu wata sana'a ce daban da rana. Mutum 11 suka yi wata shida suna bin ɗigon, suka aika da awo fiye da 200. Da jadawalinsu aka juya madubin, a Disamba 2010 da Janairu 2011, ya fuskanci gefen ɗan gajimaren al-Sufi.